Bakina na waƙa, hankalina na wani wuri

Inna, ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ni mawaƙiya ce a nan Tawa, shekaruna 26. Tun ina ƙarama nake amshi a bayan wata zabiya ta unguwarmu, yanzu kuma shekara biyar ke nan ina da makaɗana, muna zuwa biki da suna. Bara na tara kuɗi na tafi Yamai don a ɗauki waƙoƙina uku a situdiyo. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka sa mini abin ji a kunne, aka rufe ƙofa. Baiti ɗaya na maimaita shi ya fi sau ashirin. Mai haɗa sautin ya ce muryar ba ta kauce ko kaɗan ba. Amma da na dawo gida na sa wa yayata, sai ta ce, "Muryarki ce, amma ke ba ki ciki." Na kwana ina kuka, domin na san gaskiya ta faɗa. Tun daga nan abin ya biyo ni har wurin biki. Bakina na waƙa, hankalina na kan wayoyin da ke ɗaukata, ko nawa aka liƙa, ko na yi kuskure. Akwai kuma waƙar da na yi wa mahaifiyata da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ita kuwa da na soma sai kuka ya shaƙe ni, ban taɓa kai ta ƙarshe a gaban mutane ba. Wasu sun ce baki ne ya kama ni. Inna, ko baiwar ce ta tafi?

Ɗiyarki daga Tawa

Ɗiyata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne kan maganar yayarki. Ki riƙe wannan yaya hannu biyu. Masu ce miki "kai, ta yi daɗi" suna da yawa, kuma za su ƙaru. Wadda za ta saurara da kunnen gaskiya ta gaya miki abin da ta ji, ba kowace mawaƙiya Allah ke ba irinta ba.

Baiwarki tana nan. Wadda baiwa ta bari ba ta kwana tana kuka don an ce mata ba ta cikin waƙarta, ko a jikinta. Addu'a kuwa ki ci gaba da yi safe da yamma, amma kada ki soma duban maƙwabta ko 'yan'uwanki mawaƙa da idon zargi. Duk abin da kika lissafa yana da dalilin da na sani, domin ni ma na bi ta wannan hanya.

Ki tuna yadda kika koyi waƙa. Kina tsaye a bayan zabiyarki, ita kuma idonta na kan uwar amarya. Ta kira sunanta, ta kira na uwarta da na kakarta, ta tuna mata garin da aka ɗauko ta. Matar ta miƙe, aka rangaɗa guɗa, ku kuka karɓa da amshi. A duk tsawon wannan lokaci zabiyar ba ta tambayar kanta ko tana jin waƙar a zuciya. Magana take yi da wata, kuma tana jiran ta ga abin da maganar za ta yi mata. Haka waƙarmu take tun asali, kowace tana da mai ita. Makaɗin fada yana fuskantar sarki. Makaɗin noma yana bin bayan mai hauya kunya zuwa kunya. Ke 'yar Tawa ce, garin da aka soma gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kin san yadda makaɗin ɗan kokowa yake kafe gwaninsa da ido yana zuba masa kirari har sai ya ga jikinsa ya soma tsuma. Ki ɗauke ɗan kokowar daga fili ki ce wa makaɗin ya ci gaba, za ki ji kiɗan ya yi sanyi ko da bai ɓata ko bugu ɗaya ba.

Abin da ya same ki a Yamai ke nan. A rana ɗaya aka raba ki da uwar amarya, da 'yan amshi, da makaɗin da kuke kallon juna, aka bar ki da bango da makirfo. Da kika rasa wanda za ki yi wa magana, sai kika juyo kina sauraron kanki. Mai sauraron kansa kuwa ya zama alƙali, kuma ba a yin waƙa da alƙalanci a lokaci guda.

Ni zamanin samariya na yi waƙa, lokacin mulkin Janar Saini Kunce. Ranar da aka fara ɗaukar muryata a faifai, jikina ya mutu kamar naki. A lokacin ana tara mu duka ne a ɗaki ɗaya, in mutum ɗaya ya yi kuskure sai kowa ya koma farko, don haka tsoron kada in ja wa jama'a wahala ya cika mini ciki. Sau uku muna somawa ana tsayar da mu. Sai wani dattijo mai gurumi da ke cikinmu, Allah ya jiƙansa, ya taso daga wurinsa ya zauna a ƙasa daidai gabana, bayan makirfon, ya ce, "Ɗiya, manta da ƙarfen nan. Ni za ki gaya wa." Na dube shi na gaya masa. Wannan ɗaukar aka ajiye. Shekaru sun wuce arba'in, ban sami darasin da ya fi wannan ba, kuma duk sauran abin da zan faɗa miki reshensa ne.

Amma akwai abubuwan da na'ura ta ƙara miki waɗanda mu ba mu sha ba, ya kamata ki san su don ki daina ɗora wa kanki laifi. Muryarki tana isa kunnenki ta hanya biyu: ta iska, da kuma ta ƙasusuwan kanki. Ta ƙashin ita ke ba ta kauri da ɗumin da kika saba ji. Makirfo ba ya kama sai ta iska kaɗai, shi ya sa abin da ya dawo miki ta abin kunnen ya yi kama da muryar wata baƙuwa siririya. Sannan kwamfuta tana ɗan jinkirta sauti kafin ta maido shi. Idan jinkirin ya wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, mawaƙi yakan soma jin wani abu bai zauna daidai ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ki haɗa da fanka da aka kashe don kada makirfo ya kama ƙararta, a zafin Yamai. Ki haɗa da sanin cewa kowane minti kuɗin da kika daɗe kina tarawa yake ci. Wa zai saki jiki a haka?

Maimaitawar nan ta sau ashirin ita ta ƙarasa aikin. Ki gwada yanzu: ki faɗi "ƙwarya" sau talatin a jere da ƙarfi. Kafin ki kai ƙarshe za ki ji kalmar ta zama ƙara kawai, babu ƙwarya a cikinta. Haka ƙwaƙwalwar kowa take. Baitin da kika rera sau ashirin a jere ya daɗe da zubar da ma'anarsa, saura ɓawon. Mai haɗa sautin ba mugunta ya yi miki ba, aikinsa shi ne ya ga murya ta zauna kan kiɗa, kuma ta zauna. Sauran aikin naki ne, kuma ke za ki faɗi yadda kike so a yi shi, tunda ke kika biya.

In za ki koma, ki tafi da yayarki. Ki zaunar da ita inda za ki riƙa ganin fuskarta, ko a cikin ɗakin ko ta bayan gilashi. In da hali ki tafi da 'yan amshinki ko biyu ne. Idan ɗakin ba zai ɗauke ku tare ba, a fara ɗaukar amshinsu, don duk lokacin da kika ajiye baiti ki ji an karɓa miki a kunne kamar yadda kika saba. Ki zame abin jin daga kunne ɗaya, ki bar ɗayan a buɗe ya ji muryarki ta gaske a cikin ɗakin. Ki nemi a sa miki 'yar amsa-kuwwa kaɗan a abin da kike ji, tana rage bushewar. Ki juya wa allon kwamfutar baya, kallon zanen muryarki yana hawa yana sauka ba zai ƙara miki komai ba. Abu mafi muhimmanci, ki ce za ki rera waƙar daga farko har ƙarshe ba tsayawa, sau uku, ko da kin yi tuntuɓe a tsakiya, kuma a ɗauka tun daga gwajin farko, domin sau da yawa a cikinsa rai yake, lokacin da mutum bai san an soma ba. Kada ki saurara bayan kowace ɗauka. In kin gama ukun ki fita ki sha iska, ki dawo ku zaɓa ke da yayarki, sannan a gyara 'yan wuraren da suka kauce. Na'urar gyaran murya tana iya maido da sautin da ya zame wurinsa. Babu na'urar da za ta iya sa ki cikin waƙar da ba ki shiga ba. Don haka tsakanin ɗauka mai rai da ɗan aibi, da wadda ta fito sumul amma a mace, ki miƙa masa mai ran.

Kuma kada ki sauka daga mota ki wuce situdiyo. Daga Tawa ta Konni da Dogon Dutsi da Doso zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Ki kwana, ki huta, ki soma shan ruwa sosai tun jajibere, domin ruwan da kika sha a bakin ƙofa ba ya isa maƙogwaro nan take. In lokacin hunturu ne ki rufe hanci da baki a hanya.

Akwai wani aiki da nake so ki riƙa yi a gida, ba ya cin ko dala. Harshenmu yana ɗauke da waƙarsa a cikinsa tun kafin a sa masa kiɗa. Dubi "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya: baƙaƙe ɗaya, faɗuwar murya a ƙarshe kawai ta raba su. Ma'ana a Hausa tana zaune ne a hawa da saukar murya da jan wasali, wato daidai wuraren da mawaƙiya ke dainawa lura da su in ta haddace waƙa. Saboda haka ki ɗauki baitocinki ki faɗe su da baki kamar hira, ba rerawa, ki faɗa wa yayarki tana tsintar shinkafa. Ki lura inda kika tsaya don numfashi, da kalmar da kika danna, da inda muryarki ta yi ƙasa da kanta. Idan wani layi ya gagara faɗa a matsayin magana, ki tambayi kanki me kike nufi da shi. In babu amsa, an sa shi ne don cike gurbi, ki canza shi. Daga nan ki rera, ki bar rerawar ta bi sawun maganar.

Na wurin biki kuma, kada ya tsorata ki. Duk wanda ya ƙware a abu har hannunsa ko bakinsa na yi ba sai ya yi tunani ba, hankalinsa zai sami sarari ya yi yawo. Mai daka ma tana daka tana tunanin kasuwa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Waƙar da kika rera a gida ɗari dole ta gundure ki in dai ita ce dai ba canji. Abin da ke canzawa kullum shi ne mutanen. Ki riƙa isa da wuri, ki zauna da matan gidan ko na kwata ne. Wa ta riƙe amaryar? Daga wane gari danginta suka zo? Wace goggo ce ta sha hanya? Ki saƙa baiti ɗaya sabo wanda ba za a iya rera shi a wani gida ba sai wannan. Baitin nan guda zai tashe ki, domin ba ki haddace shi ba, kuma yana da mai shi zaune a gabanki.

Sannan kowane baiti ki ba shi fuska ɗaya. Kada ki yi wa taro waƙa, taro ba shi da ido. Ki zaɓi tsohuwar can da ke kan tabarma ki gama baitin a kanta, na gaba ki kai wa wata. Masu ɗaga waya ki bar su, mutumin da ke kallonki ta gilashin waya ba zai maido miki da komai ba, ki nemi waɗanda hannunsu ke sake. Kuɗin liƙi ki ɗora wa wata amintacciya ta tsince ta ƙirga, ke ko kallon ƙasa kada ki yi. In 'yan amshi sun karɓa, ki saurare su da gaske. Da yawa daga cikinmu lokacin amshi muke tafiya, muna jiran layinmu kawai ya zagayo. Ki ji wace ce muryarta ta fi fitowa yau, ki ji abin da kalangu ke faɗa a ƙarƙashi. Duk da haka hankalinki zai gudu wani lokaci, na kowa yana gudu. In kin farga kada ki tsaya yi wa kanki faɗa a tsakiyar waƙa, faɗan ma wata tafiyar ce. Ki ji tafin ƙafarki a ƙasa, ki ja numfashi na gaba, ki nemi fuska.

Zan ɗan ratse, domin na san abin da ke yawo a wuraren wasa. In wani ya miƙo miki tramol ko wata ƙwaya ya ce tana cire tsoro, ki mayar masa. Tana dusashe tsoron, ta dusashe duk sauran abin da zuciya ke ji tare da shi, wato ainihin abin da kika rubuto kina nema. Bugun zuciya da bushewar baki kafin a soma, jiki ne ke shiri. Ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo, sau biyar ko shida, zai lafa daidai yadda za ki iya aiki da shi.

Yanzu waƙar mahaifiyarki. Na ajiye ta a ƙarshe don ita ce ta fi taɓa ni, kuma ita ce shaidar cewa zuciyarki ba ta mutu ba.

Shekara biyu ba ta da yawa a rashin uwa. Babu wanda ya ce dole wannan waƙa ta fita bana. Kuka yana ɗaure naman maƙogwaro, yana kakkarya numfashi, su kuwa 'yan tantanin nan biyu da ke ba da murya ba sa aiki sai da iska mai tafiya daidai. Don haka ba rashin ƙwarewa ke tsayar da ke ba, jiki ba ya iya kuka da rerawa a numfashi ɗaya. Ki rera ta a ɗaki ke kaɗai, ki yi kukan iya son ranki, in ya lafa ki ɗora daga inda kika tsaya har ki kai ƙarshe. Gobe ma haka. Kukan zai riƙa matsawa baya baiti bayan baiti. Ran da kika kai ƙarshe ke kaɗai, sai ki kira yayarki, ita ma uwarta ce. Daga ita sai mutum uku ko huɗu na gida. Taro sai can gaba.

Kada kuma ki ji tsoron cewa in kukan ya daina zuwa, waƙar ta rasa ranta. Wani malamin wasan kwaikwayo na ƙasar Rasha, Stanislafski, wanda ya rasu a 1938, da farko yana koya wa almajiransa su tono wani baƙin ciki nasu na baya don su kawo shi dandali. Daga baya ya karkata ga wata tambaya: me kake son yi wa wanda ke gabanka da wannan magana? Ya ga cewa abin da zuciya ke ji ba ya zuwa da kira, amma yakan biyo aiki. Ki yi wa waƙarki wannan tambaya. In kina rerawa kina kallon ranar da aka fita da ita, kina kallon ciwonki ne, kuma zai rinjaye ki kowane lokaci. Amma in kin sa a ranki cewa mutanen nan ba su san wace ce ita ba, kuma ke kaɗai za ki iya gaya musu yadda take tashi da asuba, da abin da take cewa in kin yi laifi, to muryarki ta sami aikin yi. Ko ki nemi wata yarinya a cikin taron wadda tata uwar ke raye, ki gaya mata abin da kike so da an gaya miki. Idonki zai iya cikowa, muryarki ta ɗan girgiza, ba laifi, kada ki ɓoye. Masu sauraro su za su yi kukan da kika riƙe.

Idan kuwa baƙin cikin ya wuce waƙa, yana hana ki barci ko cin abinci, ko kin daina jin daɗin duk abin da kike so a da, to wannan ba maganar dandali ba ce. Ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi, ku je ku ga likita, babu abin kunya a ciki.

In kin sake shigowa Yamai, ki leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, wadda aka buɗe tun 1989. Ki zauna da masu goge da gurumi, ki roƙi ɗaya ku yi waƙa ɗaya ku biyu, ba lasifika, ba waya. Ki kuma riƙa kasa kunne in gidan rediyon Muryar Sahel ya sako tsofaffin faifai. Za ki ji tari, za ki ji wani ya shigo amshi a makare, za ki ji murya ta dushe, kuma duk da haka tsikar jikinki za ta tashi. Garinku shi ne gidan gasar waƙa ta Ɗan Gurmu, kunnen Adarawa ya san wannan bambanci, shi ya sa yayarki ta gane nan take.

Kafin ki sake kashe ko jika ɗaya a situdiyo, ki ajiye waya a gefe tana ɗaukar murya cikin ɗakin yayarki, ki manta da ita, ki rera mata waƙoƙin nan uku tana zaune a gabanki. Ku saurara tare washegari. In ta ce kina ciki, to ku sayi tikitin mota biyu. Ki rubuto mini abin da ta ce.

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta. Ki gaishe mini da yayarki.